Taswirar da Aka Ƙone a Ƙofar Coci

Safana,
20 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Yayata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da Baban Yunana da yara duka. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata na ce ta bar zuwa gona da kanta, tana da jikoki. Mu nan lafiya, sai godiya. Tabita tana gaishe ki.

Ga ni ina rubuta miki wasiƙa kamar lokacin da muke makarantar kwana. Tun da aka yanke layin waya a yankin nan saboda 'yan bindiga, wayoyinmu sun koma tocila. Direban da ke kai kaya Malumfashi zai kawo miki wannan, shi za ki ba amsa.

Yaya, akwai abin da ke ci mini rai. Kin san yadda Baban Tabita ya dawo a watan Afrilu, bayan kwana arba'in da ɗaya a hannun mutanen da suka tare su a hanyar Runka. Shi kaɗai ya dawo. Malam Sagiru, abokin aikinsa da aka kama su tare, ya rasu a can. Wata biyar ke nan bai gaya wa kowa yadda aka yi ba, har ni. Ya je aji ya koyar da lissafinsa, ya dawo ya zauna a gindin dalbejiya yana kallon katanga. Makarantar Lahadi da yake koyarwa shekara tara, ya ajiye ta. Duk abin da na ce masa, amsarsa ɗaya ce: to.

Makonni uku da suka wuce sai Malam Nurain, yayan marigayin, wanda ke koyar da Turanci a Batsari, ya fara zuwa gidanmu kowace Asabar, shi da wasu malamai biyu. Su shiga zaure tun hantsi har la'asar. Na yi murna ƙwarai, don rannan na ji dariyar maigidana, abin da na manta yadda take. Shekaranjiya na kai musu zoɓo, na ga abin da ke ba su dariyar. Yaya, sai da na fita bayan gida na tofar da yawu.

Sun shimfiɗa tabarma, a tsakiya ga wani littafi mai kauri, a bangonsa hoton wata halitta mai ƙaho, baki buɗe, wuta na fita daga ciki. Kowa da takarda a gabansa. Ga wasu ƙwayoyi irin na ludo, amma ba irin da muka sani ba, wata fuskarta ashirin, ja ce wur kamar ɗanyen nama. Sai mutum ya dunƙule ta a hannu, ya girgiza, ya watsa, dukansu su sunkuya su ga abin da ta ce. Kin tuna Kaka Nomau da wurin da yake duba da shi? Haka yake girgizawa, haka yake watsawa, haka mutane ke sunkuyawa. Kin kuma tuna abin da wurin nan ya ce a kan Gwaggo Ladi, cewa kada a kai ta asibiti, har ta mutu da cikin a jikinta. Saboda wannan Baba ya kwashe kayan ɗakin tsafin ya ƙone ranar da ya karɓi Almasihu. Yau ga shi a zaurena, an sa masa bango mai sheƙi da Turanci.

Da suka tafi na tambaye shi. Ya ce wasa ne kawai, tatsuniya ce da aka haɗa da lissafi, Malam Nurain ya koyo ta a jami'a. Wai mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki wani a cikin labarin, wannan maharbi, wannan mayaƙi. Kowa ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, a watsa ƙwaya, lambar da ta fito ta nuna ko ya yi nasara. Ɗaya daga cikinsu ma wai mai sihiri ne. Babban mutum, mai 'ya'ya huɗu, yana ɗaga hannu yana cewa ya jefa wuta! Kuma maigidana ne mai ba da labarin. Na ji shi yana sauya murya, ta yi kauri, ta shaƙe, tamkar ta wanda iska ta hau. Tsigar jikina har yanzu tashi take in na tuna.

Ki taya ni addu'a, ki kuma gaya mini abin da zan yi.

Taki ƙanwa,
Damaris.


Safana,
18 ga Oktoba, 2021.

Yaya Rahila,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata duk kuna lafiya. Na ji daɗi da ƙafar Inna ta yi sauƙi. Na gode da daddawar.

Na karanta wasiƙarki sau uku. Kin ce in yi haƙuri, in yi addu'a, kada in fitar da maganar gidana waje, mutumin da ya fito daga inda ya fito a bi shi a hankali. Na ji, Yaya, amma ba ke ce ke share zauren ba. Ni ce nake tsintar ƙwayar nan a ƙarƙashin tabarma, in ɗauke ta da tsumma don kada ta taɓa hannuna.

Abin ƙaruwa yake yi. Yanzu ya sayi littafin rubutu mai bango shuɗi, kullum ya dawo daga makaranta yana kansa. Zane yake yi: duwatsu, rafi, itatuwa, hanyoyi ƙanana. Ya zana ya goge, ya riƙe kai ya daɗe, ya sake zanawa. Ya ce taswirar ƙasar dodannin ce. Tuwo ya huce a gabansa bai sani ba. Zan gaya miki gaskiya, har da haushi a ciki. Ni da na yi kwana arba'in da ɗaya ina azumi da kuka, ban samu jimla biyar a jere daga bakinsa ba, amma ranar Asabar zai yi awa shida yana magana da muryar aljanu.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Tabita. Ranar Laraba na dawo daga aiki a asibiti na tarar ta tara 'ya'yan maƙwabta, jar ƙwayar nan a hannunta, tana watsawa tana cewa wane ya mutu, wane ya tsira, babanta ne sarkin dodanni. Yarinya 'yar shekara shida, wadda ta haddace addu'ar Ubangiji tun tana uku! Na wanke mata hannu da sabulu har ta yi kuka.

Na sake yi masa magana, na ce Maganar Allah ta hana duba da sihiri, ko da wasa ne. Ya ce babu wanda yake roƙo, babu wanda yake bauta wa, lamba ce kawai. Sai ya ƙara da cewa in ba shi Asabar uku, za su gama. Na ce ko ɗaya ba zan bayar ba.

Fastonmu sai ƙarshen wata yake zuwa daga Dutsin-Ma saboda hanya, don haka Dattijo Barnaba ke riƙe da ikkilisiya. Jiya bayan sujada na gaya masa komai. Yau da safe, bayan Baban Tabita ya tafi makaranta, na kwashe kayan a buhu na kai masa, har da littafin zanen. Ya ce na yi aikin mace mai tsoron Allah, zai kira shi su yi magana su biyu. Na dawo na wanke zauren da ruwan omo. Kada ki yi fushi da ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Damaris.


Safana,
2 ga Nuwamba, 2021.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Baban Yunana. Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, sauran kuma ga shi za ki karanta.

Dattijo Barnaba bai kira shi su biyu ba. Mako biyu kayan suna gidansa, matarsa tana nuna wa duk wadda ta shiga. Kafin Lahadi babu matar da ba ta san cewa wai maigidana, Malam Ishaya, ya shiga ƙungiyar asiri a daji ba, wai shi ya sa aka sako shi aka bar ɗan'uwansa. Da kunnena na ji wannan a zumuntar mata, daga bakin matan da na karɓi haihuwarsu.

Shi kuwa tun ranar da ya dawo ya ga babu kayan, tambaya ɗaya ya yi mini, ko littafin shuɗin ma na kai. Na ce e. Ya koma gindin dalbejiya.

Shekaranjiya Lahadi, Fasto bai samu zuwa ba. Bayan wa'azi Dattijo ya kira maigidana gaban ikkilisiya, mu da ba mu fi mutum hamsin ba. Ya ɗaga littafin mai ƙaho yana buɗewa shafi shafi, yana zagayawa da shi tsakanin bencuna kamar mai tallan magani a kasuwa. Mata na salati irin namu suna rufe ido, suna leƙe ta tsakanin yatsu. Samari sun ɗaga waya suna ɗauka, wayar da ko layi babu. Ya kawo labarin mutanen Afisa da suka ƙone littattafan sihirinsu. A raina na ce ai su da hannunsu suka kawo, ba matansu suka sato ba. Sannan Dattijo ya ce in miƙe a tafa mini. Aka tafa, Yaya. Ban taɓa jin ƙazanta a jikina irin ta wannan tafin ba.

Aka fita ƙofar coci aka zuba kananzir. Baban Tabita bai yi gardama ba. Abin da ya ce kawai: "Baba Dattijo, ku ƙone sauran, ku bar mini shuɗin." Dattijo ya juya ga jama'a yana murmushi ya ce kun gani, nan ne shaiɗan ɗin yake zaune. Shuɗin ya fara jefawa a wuta. Ƙwayoyin suka narke suna wari, har yanzu warin na cikin zanena. Aka sa maigidana horo wata shida, ba zai ci jibin Ubangiji ba, zai riƙa zama a bencin baya. Da aka gama, aka raba shinkafar bikin godiya, mutane suka ci har da neman ƙari.

Jiya da safe Baban Tabita ya saka kaya kala biyu a jaka ya ce zai je Batsari, ya nemi hutu a makaranta. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

Yau da rana Malam Nurain ya zo da kansa. Ya tsaya a ƙofar gida, ya gaishe ni da ladabi kamar ba abin da ya faru, ya ce in kwantar da hankali, Malam Ishaya yana wajensa. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba.

Ya ce sau bakwai yana zuwa ya roƙi maigidana ya faɗa masa yadda ƙanensa ya rasu, don mahaifiyarsu ba ta da wata tambaya sai wannan. Duk lokacin sai Malam Ishaya ya kasa. Shi ya sa Malam Nurain ya kawo wasan, don kawai ya ɗebe masa kewa. Asabar ta biyu sai maigidana ya ce a ba shi ya ba da labarin. Ya fara da matafiya da dodanni suka tare a hanya suka kora cikin daji. Malam Nurain ya ce tun daga nan ya gane. Tafiyar kwana biyu ba ruwa, sarƙa a ƙafa, garin dawa da ruwan rafi, duk ba ƙirƙira ba ce. Kowace Asabar yana ba su kwana huɗu ko biyar na zamansu a can. Sauran malaman biyu ma sun gane, suka ci gaba da watsa ƙwaya.

Littafin shuɗin kuma, Yaya, hanyar ce. Wajen da aka tsare su ne, da inda aka binne Malam Sagiru. Kaɗan kaɗan take dawo masa, in ta dawo ya zana. Suna fata wata rana in ƙasa ta lafa, su je ko addu'a su yi a kan kabarin.

Na tambaye shi me ya hana su gaya mini. Ya ce ya ji tsoron in aka kira abin da sunansa, Malam Ishaya zai sake yin shiru.

Har yanzu ina ƙyamar littafin nan mai ƙaho, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yau in na ga hannuna sai in ji kamar in yanke shi. Kin gaya mini, ban ji ba.

Taki,
Damaris.


Batsari,
5 ga Disamba, 2021.

Yaya Rahila abar ƙaunata,

Alheri da salama su tabbata a gare ki. Ina fata kuna lafiya, an kuma gama shigar da amfanin gona lafiya. Ki yafe mini jinkirin amsa. Daga Batsari nake rubuto miki, na bar Tabita wajen maƙwabciyata.

Wata guda na yi ina aika wa maigidana saƙo ba amsa. Shekaranjiya Juma'a na hau mota na zo. Ya rame. Ya amsa gaisuwata, bai kore ni ba. Sai na nemi a kai ni wajen Inna Hajjo, mahaifiyar su Malam Nurain. Na durƙusa na gaya mata ni ce na sa aka ƙone taswirar kabarin ɗanta. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ɗaya ya mutu. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in tashi in zauna a kan tabarma.

Ashe ita ma ba ta son wasan. Ta ce ya yi mata kama da caca, ta sha yi wa ɗanta faɗa a kai, har ta ce kada ta ƙara ganinsa a gidanta. "Amma 'yata," in ji ta, "ko a bakin jaki ne zan ji labarin Sagiru, zan zauna in saurara."

Ita ta ce a yi wasan ƙarshe jiya Asabar, a zaurenta. Babu littafi, babu zane, sai ƙwayar ludo guda da Malam Nurain ya aro. Bayan la'asar maza huɗun suka zauna. Ni da Inna Hajjo muna bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida. Da na ji ƙarar ƙwayar a kan faranti sai na toshe baki da mayafi.

Maigidana ya fara da muryar nan da na tsana. Ya ce matafiyan suna rana ta ashirin da tara a hannun dodanni, ɗan'uwan maharbi yana kwance, sarƙa ta ci masa ƙafa, ƙafar ta kumbura har gwiwa. Malam Nurain, wanda shi ne maharbin, ya ce zai nemo magani. Bisa ƙa'idarsu, in ya samu huɗu ko fiye, ya yi nasara. Ya watsa. Wani ya ce shida.

Sai na ji muryar maigidana, tasa ta ainihi, wadda na aura.

"Ba a samu ba. Nurain, babu magani. Na roƙe su, suka yi dariya. Sagiru ya kwana uku yana zazzaɓi a kan cinyata."

Daga nan babu dodo, babu maharbi. Ya faɗi komai da sunansa. Ya ce ranar ƙarshe da hantsi Sagiru ya kama masa riga ya ce harshensa ya yi nauyi, kansa ya ruɗe, ya ce, "Ishaya, tuna mini." Babu Musulmi a kusa sai waɗanda suka ɗaure su. Kalmar shahada yake nufi. Maigidana ya ce tun yana yaro yake jin ta daga masallatai, ya san ta. Ya sunkuya a kunnensa ya faɗa, Sagiru ya bi, ya sake faɗa, ya sake bi, har sau uku. Bayan ya cika, suka jefo masa fartanya, ya haƙa da kansa tsakanin itatuwan kuka biyu, ya kwantar da shi yana fuskantar gabas kamar yadda ya ga ana yi.

Ya ce tun ranar bai san matsayinsa a gaban Almasihu ba. Shi ya sa ya kasa tsayawa gaban yara ranar Lahadi. Ya ji tsoron coci za ta ce ya yi musun Ubangijinsa, ya ji tsoron dangin Sagiru za su ce bakin da ba na Musulmi ba ya ɓata wa ɗansu cikawa. Ya ji tsorona ni ma, kuma ya yi gaskiya.

Inna Hajjo ta miƙe ta ɗaga labulen ta shiga cikin maza, ba ko takalmi. Ta tsaya a kansa ta ce, "Ya faɗa har ƙarshe?" Ya ce, "Har ƙarshe, Inna." Ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa, ta dafa kansa da hannu biyu ta ce Allah ya yi maka albarka, ɗana. Wata takwas ba ta yi kuka ba, in ji Malam Nurain. Jiya ta yi, shi ma maigidana ya yi, kamar ƙaramin yaro.

Yaya, wannan magana tsakanina da ke ce. Kada ta kai kunnen Baba tukuna, balle ta dawo Safana. Na riga na ga abin da suke yi da abin da aka kai musu.

Ra'ayina a kan wasan bai sauya ba. Na gaya masa ba na son sa a gidana, ba na son Tabita ta sake ganinsa. Ya ce ba shi da sauran labarin da zai bayar. Zanen kuwa ya ce ya gwada, hanyar ta ƙi dawowa, kuka biyun kawai yake gani. Wannan nauyin nawa ne, zan ɗauke shi.

Yau da safe da muke zaune mu biyu a tsakar gida, ya tambaye ni ko ina ganin Yesu ya yafe masa. Na buɗe baki zan kawo masa aya, sai na ga ba ni da fuskar yi masa wa'azi. Na ce masa ni ban tabbata akwai abin yafewa a wajensa ba, amma ni ina da shi, a wajen Yesu da wajensa. Bai ce ya yafe ba. Ya ce in haɗa masa kayansa, gobe mu tafi gida tare.

Lahadi mai zuwa akwai jibin Ubangiji. Ba zan je gaba ba. A bencin baya za su same ni, kusa da mijina, har watanni shidan su cika.

Ki gaida Inna, da Baban Yunana, da yara. Ubangiji ya kiyaye ku.

Ni ce ƙanwarki,
Damaris Ishaya.